Ginshiƙan Takarda: Modigliani da Ginin da Bai Taɓa Tashi Ba

A cikin kayan da gidan adana zane-zane na Tate da ke Landan yake riƙe da su, akwai wata takarda guda wadda tsawonta bai kai mita ɗaya ba. An fitar da siffar mace a kanta da fensir, sannan aka bi ta da fentin ruwa. Macen tana ɗauke da tukunya. Ba ta da suna, ba ta da gari, ba ta ma sanye da tufar da za ta nuna zamanin da ta fito. Wanda ya zana ta shi ne Amedeo Modigliani, mutumin Italiya da ya yi zamansa a Paris, kuma masana sun ƙiyasta ya yi aikin ne wajen shekarar 1914. Takardar ta shiga hannun Tate a 1983, cikin kayan da wata mata mai tara zane-zane ta bar wa gidan a wasiyyarta. Sunan da aka yi mata rajista da shi, idan an mayar da shi Hausa, shi ne "Kariyatid da Tukunya".

Duk wanda ya san Modigliani (ana furta sunan Modiliyani) ya san shi ne da manyan hotunan fenti na mutane masu dogon wuya da siririn hanci da idanu kamar ƙwayar gujiya. Ɗaya daga cikinsu an yi gwanjonsa a New York a watan Nuwamba na 2015 a kan dala miliyan 170.4. A gefen irin waɗannan, takardar Tate kan zama kamar share fage, irin abin da mai sana'a ke yi kafin ya kama aikin gaske. Tarihinta ya nuna akasin haka. Ita da 'yan'uwanta fiye da 70 su ne abin da ya rage daga babban burin rayuwar mutumin, wato wani gini na dutse da ya yi shekaru yana shiryawa, bai kuwa taɓa aza harsashinsa ba. A kan waɗannan takardu ne kuma ya gano salon da duniya ta san shi da shi.

Mace a matsayin ginshiƙi

Kalmar kariyatid daga Girkanci take. Magina a tsohuwar Girka sukan sassaƙa ginshiƙi da siffar mace, ta yadda rufin gini zai zauna a kanta. Mafi shahara su ne guda shida da aka tsayar a barandar wani ɗakin bauta mai suna Erekteyon, a kan tsaunin Akropolis na birnin Atina, wanda aka gina tsakanin 421 da 406 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Kowace ta ɗara mita biyu a tsayi. A farkon ƙarni na 19 jakadan Ingila a Daular Usmaniyya, Lord Elgin, ya sa aka cire ɗaya aka kai ta Landan, kuma har gobe tana British Museum. Sauran biyar ɗin an janye su daga sarari saboda gurɓatar iska, aka ajiye su a gidan tarihin Akropolis, aka tsayar da kwafi a gurbinsu.

Wani magini kuma marubuci na Rum mai suna Vitruvius, wanda ya rayu a ƙarni na 1 kafin miladiyya, ya bayar da labarin asalin sunan. A cewarsa, mutanen wani gari mai suna Kariyai sun goyi bayan Farisa lokacin da ta kawo wa Girka yaƙi. Da Girkawa suka yi nasara, sai suka kashe mazan garin, suka bautar da matan, magina kuma suka dawwamar da hukuncin ta hanyar ɗora wa siffofinsu nauyin gini. Masana tarihi da dama suna shakkar wannan ruwaya, suna ganin sunan ya fito ne daga 'yan matan garin da ke rawa a bikin abar bautarsu. Ko wanne ne daidai, tun daga tushe kariyatid tana ɗauke da ma'ana biyu masu karo da juna: mace da aka aza wa kaya don wulaƙanci, da mace da aka ba amanar riƙe gini don an yarda da ƙarfinta.

Akwai kuma batun lissafin gini. Matan Erekteyon a tsaye suke ƙyam. Nauyin rufi yana sauka daga kai zuwa ƙafar da ke miƙe, ninkin tufafinsu yana gangarowa kamar tsagin ginshiƙi, sannan an bar musu gashi mai kauri a bayan wuya domin ya ƙarfafa wurin da ya fi saurin karyewa. Mai karatu ya riƙe wannan, don za mu dawo kansa.

Yaron Livorno

An haifi Modigliani ranar 12 ga Yuli, 1884, a Livorno, gari mai tashar jiragen ruwa a yankin Tuscany. Iyayensa Yahudawa ne 'yan kasuwa, shi ne ɗansu na huɗu kuma auta, kuma ya zo duniya daidai lokacin da kasuwancin gidan ya karye. Ana ba da labari a zuriyar cewa masu bin bashi sun shigo kwasar kaya ranar da mahaifiyarsa, Eugénie Garsin, take naƙuda, sai 'yan gida suka jibge abubuwa masu daraja a kan gadonta, domin doka ta hana a taɓa gadon mace mai haihuwa.

Jinya ta kama shi tun yana ƙarami. Yana da shekara 11 ya yi ciwon haƙarƙari, yana 14 zazzaɓin taifod ya kusa ɗauke shi, yana 16 kuma aka gano tarin fuka, wanda bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa. A 1898 ya fara koyon zane a wurin Guglielmo Micheli a nan Livorno. Da tarin ya tsananta, mahaifiyarsa ta ɗauke shi zuwa kudancin Italiya neman iska mai ɗumi, suka bi ta Naples da Capri da Rum. A coci-cocin Naples akwai kaburburan gidan sarauta da Tino di Camaino, wani masassaƙi ɗan Siena na ƙarni na 14, ya yi, inda siffofin mata ke tallafe da akwatin dutse a sama da su. Masana tarihin zane sukan ambaci waɗannan a cikin abubuwan farko da suka zauna masa a zuciya. Daga nan ya yi karatu a Florence a 1902, sai Venice a 1903, sannan a 1906 ya tattara ya nufi Paris, inda a wancan zamani duk matashin da ke ji da kansa a wannan sana'a yake dosa.

A 1907 ya haɗu da wani matashin likita mai suna Paul Alexandre, wanda ya kama wani tsohon gida ya buɗe wa masu zane marasa galihu. Alexandre ne mutum na farko da ya riƙa sayen aikinsa a kai a kai, yana kuma roƙonsa kada ya yaga takardun da yake zanawa. Ta haka ya tara kusan 450. Sai a 1993 aka baje kolinsu a Venice, shekara 25 bayan rasuwar likitan, kuma da yawa daga abin da aka sani game da yadda kariyatid ta fara a hannun Modigliani daga wannan tarin ya fito.

Shekarun dutse

A 1909 Modigliani ya koma unguwar Montparnasse, ya kama ɗakin aiki a wani lungu mai suna Cité Falguière, kusa da masassaƙin nan ɗan Rumaniya, Constantin Brancusi. A lokacin Auguste Rodin ne sarkin sassaƙa a Faransa, kuma tsarin da aka saba shi ne mai gida ya gina siffa da yumɓu, yana ƙarawa yana ragewa har ta yi masa, sannan yaransa su zuba ta da tagulla ko su kwafe ta a dutse. Brancusi ya taɓa zama na ɗan lokaci a ɗakin aikin Rodin, ya fita. Shi hanyarsa ita ce mutum ya fuskanci dutsen da kansa, da guduma da kurfi, ba tare da wani samfurin yumɓu ba. Abin da aka sare ya tafi ke nan, ba a mayar da shi.

Modigliani ya rungumi wannan hanya, kuma daga 1909 zuwa wajen 1914 ya rage fenti ƙwarai, ya duƙufa ga sassaƙa. Ba shi da kuɗin sayen mabul, don haka da farin dutse mai laushi, irin wanda aka gina Paris da shi, yake aiki, kuma abokansa sun ruwaito cewa wani lokaci a wuraren da ake gine-gine yake samo shi. Ya sassaƙa kawunan mata dogaye masu hanci kamar kaifin wuƙa da ɗan ƙaramin baki. A babban baje kolin kaka na Paris na 1912 ya nuna guda bakwai, kuma ya gabatar da su a matsayin rukuni ɗaya na adon gini. Masassaƙi Jacob Epstein, wanda ya ziyarce shi a wannan shekara, ya tuna yadda yakan kunna kyandir a kan kowane kai da dare, sai ɗakin ya koma kamar wurin bauta na mutanen da.

A nan burin nasa ya bayyana. Yana so ya tayar da wani haikali, wato babban gini irin na bauta, amma ba na wani addini ba, domin girmama kyau da ɗan Adam. Kawunan za su kasance cikin adonsa, kariyatid kuma su ne za su riƙe rufin. An ruwaito yana kiran su ginshiƙan tausasawa. Babu mai kuɗin da ya ba shi wannan aiki, babu fili, babu magini. Abin da yake da shi takarda ne, da fensir, da fenti.

Hanyoyin da suka haɗu a takardar

Duk da sunan na Girka ne, matan da Modigliani ya zana ba su yi kama da na Atina ba. Jikinsu ya haɗo abubuwa daga wurare da dama, kuma ana iya bin sawun wasu.

Na farko Masar ce. Marubuciyar waƙoƙin Rasha Anna Akhmatova, wadda ta san shi a Paris a 1910 da 1911, ta tuna cewa a wancan lokaci hankalinsa duk yana kan tsohuwar Masar, har yakan kai ta sashen Masar na gidan tarihin Louvre, ya kuma zana ta da adon sarauniyoyin Fir'auna. Na biyu kudu maso gabashin Asiya ne, musamman sassaƙar dutse ta Kambodiya da Faransa ta kwaso daga yankunan da take mulka, wadda ke da jiki mai lanƙwasa kamar na mai rawa.

Na uku, wanda ya fi bayyana a fuskokin, Afirka ce. A gidan tarihin Trocadéro na Paris an jibge kayan da sojoji da jami'an mulkin mallaka da 'yan kasuwa suka kwaso. A cikinsu har da kayan fadar Abomey da sojojin Faransa suka wawashe a 1892, waɗanda sai a Nuwamba 2021 aka mayar wa Jamhuriyar Benin guda 26 daga ciki. Picasso ya shiga wannan gida a 1907 ya fito da sabon ido. Modigliani ma ya san wurin, kuma yana da abokai masu tara irin waɗannan kaya. Dogon hancin nan da ke haɗe da gira, da ɗan bakin da aka tura can ƙasan fuska, da idanun da aka bari a lumshe, duk suna nan a fuskokin itace na Baule na ƙasar Kwaddibuwa da na Fang na Gabon.

Zaman jikin ma yana da dangi a Afirka. A kudu maso gabashin Kongo, al'ummar Luba da maƙwabtansu suna sassaƙa kujerun sarauta inda mace, sau da yawa a durƙushe, take tallafe da mazaunin da kanta da yatsunta. A fahimtar Luba wannan girmamawa ce, domin sun ɗauka jikin mace ne kaɗai ke da ƙarfin riƙe ruhin sarauta. Masana sun daɗe suna nuna kamannin da ke tsakanin waɗannan kujeru da kariyatid ɗin Modigliani. Bambancin da ke tsakaninsu a tarihi shi ne na suna. Kowace takarda ta Modigliani an yi mata lamba, an bi diddigin hannun da ta shiga. Masassaƙan da ya koya daga aikinsu kuwa, an kawo kayansu Turai ba tare da an tambayi wanda ya yi ba. Ɗaya daga cikin gwanayen yankin Luba, sai daga baya wani masani ɗan Beljiyam, Frans Olbrechts, ya gane hannunsa a ayyuka daban-daban, ya laƙaba masa "Gwanin Buli" da sunan garin da aka samo wasu daga cikinsu. Binciken da ya biyo baya ya kai ga sunan Ngongo ya Chintu, wanda ake kyautata zaton shi ne. Irinsa da aka gano ba su da yawa.

Abin da ƙaro ya riƙe

Fentin ruwa abu uku ne: garin launi, da ruwa, da ƙaro. Ƙaron dai shi ne wanda muka sani, na jikin itacen dakwara, wanda malamai ke sa wa tawada domin ta yi jiki ta kama takarda. A ƙarni na 19 da farkon na 20, mafi yawan ƙaron da masana'antun Turai ke amfani da shi daga yankin kogin Senegal da Kordofan na Sudan yake fitowa. Idan aka shafa fentin, ruwan ya bushe cikin 'yan mintoci, ƙaron ya manne launin a jikin takarda a matsayin wani siririn shafi da ake hango abin da ke ƙarƙashinsa. Hasken zanen daga farin takardar yake fitowa. Akwai kuma ɗan'uwansa da ake kira guwash, wanda ake ƙara masa farin gari ya yi kauri ya rufe takarda. Modigliani ya yi amfani da duka biyun. Wata shahararriyar kariyatid tasa mai launin ja-ja, da ke gidan adana zane na Norton a Florida, da guwash aka yi ta.

Fentin mai, wanda ake yin manyan hotuna da shi, yana da haƙuri. Yakan ɗauki kwanaki bai bushe ba, ana iya kankare shi, ana iya rufe kuskure da sabon shafi. Fentin ruwa ba ya yafiya. Inda buroshi ya taɓa, alamar ta zauna, kuma duk yunƙurin gyara yakan dagula launin. Ta wannan fuska, wannan fenti mara nauyi ya fi kowane kusa da saran dutse irin na Brancusi. A duka biyun sai mutum ya gama yanke shawara kafin hannu ya motsa. Waɗanda suka ga Modigliani yana zane sun ce da sauri yake jan layi, ba ya komawa ya goge. Idan bai gamsu ba sai ya ɗauki sabuwar takarda. Wannan na cikin dalilan da suka sa kariyatid ɗin suke da yawa, kowace da ɗan bambanci da 'yar'uwarta.

Idan aka jera su, abin da ido ke fara gani shi ne layin da ya kewaye jiki, mai kauri, wanda sau da yawa akan bi gefensa da launi mai duhu har siffar ta yi kamar ta ɓullo daga takardar. An rarraba jikin gida-gida kamar yadda masassaƙi zai yi: kai kamar ƙwai, ƙirji dunƙule guda, cinyoyi manya, sai ƙugu siriri da ya haɗa sama da ƙasa. A yawancinsu macen tana durƙushe ko tsugune, gwiwa ɗaya a ƙasa, ƙirjin ya juya gefe guda, ƙugun ya juya ɗaya gefen, hannuwa a sama, kai ya kwanta a kan kafaɗa. Fuskar ba ta nuna wahala. Duk abin da zanen ke faɗa game da nauyi, da gajiya, da juriya, a lanƙwasar jikin yake.

Yanzu a tuna da matan Erekteyon. Su a miƙe suke domin dole ne su riƙe rufi na gaske. Macen Modigliani, da wannan murɗaɗɗen jiki da siririn ƙugu da karkataccen wuya, da za a sassaƙa ta a dutse yadda take a takarda, a ɗora mata tan ɗaya, da ta karye a tsakiya. Akwai shaida a kan haka. Cikin sassaƙe-sassaƙensa da suka tsira, waɗanda ba su kai 30 ba, kariyatid ɗaya ce tak, tana gidan adana zane na MoMA a New York. Gajeriya ce, mai kauri, a cure take, jikinta da sauran sawun kurfi. Dutse ya tilasta masa ya cike duk inda takarda ta bar shi ya sirance. Ke nan siffar da yake nema, takarda ce kaɗai mazauninta. A zanen Tate ma rufin ya ɓace gaba ɗaya, tukunya ta maye gurbinsa. Ginshiƙin ya koma mace mai ɗauke da kaya irin wanda mutum zai iya ɗauka.

Shekarar 1914

Abubuwa da yawa suka taru suka raba shi da dutse. Ƙurar sassaƙa guba ce ga mai tarin fuka, kuma aikin na bukatar ƙarfin da jikinsa ke rasawa, ga shan giya da ƙwaya da suka zame masa jiki. A watan Agusta na 1914 Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, gine-gine suka tsaya, dutse ya yi wuya. Aka kira Paul Alexandre aikin soja, kuma su biyun ba su sake haɗuwa ba. A wannan shekara ce wani matashin dillali mai suna Paul Guillaume ya karɓi sayar da aikinsa. Guillaume da kayan sassaƙar Afirka ya fara kasuwanci. Ana cewa ya fara cin karo da su ne a cikin kayan roba da ake kawowa garejin da yake aiki. Hoton fenti ya fi dutse sauƙin ɗauka da sauƙin sayarwa, don haka Modigliani ya koma ga buroshi.

Shekara biyar da 'yan watanni suka rage masa, kuma a cikinsu ya yi kusan duk hotunan da suka sa aka san shi. Duk wanda ya kalle su bayan ya ga kariyatid zai gane inda suka fito. Dogon wuyan nan ginshiƙi ne, kan da ke karkace shi ne wanda ya kwanta a kafaɗar mai ɗauke da rufi, idanun da ba su da ƙwaya kuma na dutse ne. Abokansa, da dillalansa, da 'yan aikin gida, da yaran unguwa, duk ya zana su da hannun masassaƙi.

Bai ci moriyar aikin ba. Yakan zaga shagunan shan gahawa na Montparnasse yana zana mutane a kan 'yan kuɗi kaɗan ko kofin abin sha. Baje koli ɗaya tak aka yi masa shi kaɗai yana raye, a shagon Berthe Weill a Disamba 1917, shi ma tun ranar buɗewa 'yan sanda suka sa baki saboda hotunan tsiraici. Ya rasu ranar 24 ga Janairu, 1920, a wani asibiti a Paris, sakamakon sanƙarau da tarin fuka ya haddasa, yana da shekara 35. Abokiyar zamansa, Jeanne Hébuterne, mai shekara 21 kuma ɗauke da tsohon ciki, ta faɗo daga tagar bene na biyar cikin kwana biyu da rasuwarsa. Suka bar 'ya mace mai wata 14.

Neman dutse a cikin ruwa

Mutanen Livorno sun daɗe da wani labari, wai a wata ziyara da ya kawo gida ya nuna wa abokansa sassaƙarsa, suka yi masa dariya, shi kuma cikin fushi ya zuba su a wata magudanar ruwa ta garin mai suna Fosso Reale. A 1984, shekara 100 da haihuwarsa, hukumomin garin suka amince a yashe magudanar. Ranar 24 ga Yuli aka tsamo kawunan dutse biyu, ranar 10 ga Agusta aka tsamo na uku. Abin nema ya samu. Manyan masana zane na Italiya, ciki har da Giulio Carlo Argan da Cesare Brandi, suka ce hannun Modigliani ne. A watan Satumba wasu ɗalibai uku suka fito da hoton da suka ɗauka tare da ɗaya daga cikin kawunan kafin su jefa shi ruwa. Da na'urar huda bango ta lantarki suka yi shi, kuma suka sake yin irinsa a gaban kyamarar talabijin. Sauran biyun wani ma'aikacin tashar jiragen ruwa kuma mai zane, Angelo Froglia, ya ce shi ya yi su, ya kuma kawo bidiyon shaida.

An yi ta dariya, amma abin da ya jawo kunyar ya cancanci a duba. Kowa ya ƙagu a samu dutse, domin an ɗauka a dutse ne babban aikin mutumin yake, kuma kasuwa ta tabbatar da wannan zato: a Nuwamba 2014 an sayar da kai ɗaya na gaske a New York a kan dala miliyan 70.7. Amma dogon hanci da lumsassun idanu abu ne da ɗalibi zai iya kwaikwaya cikin 'yan sa'o'i. Abin da ya fi wuyar kwaikwayo shi ne layi guda da aka ja ba tsayawa daga gwiwar hannu zuwa ƙugu zuwa diddige, wanda zai sa mai kallo ya ji nauyin kayan a nasa wuyan. Wannan a takardun yake, kuma ba a taɓa jefa su ruwa ba.

Fentin ruwa haske ne maƙiyinsa, domin yana kashe launin sannu a hankali, kuma abin da ya dushe ba ya dawowa. Shi ya sa gidajen adana zane ke fito da irin waɗannan takardu na 'yan watanni kawai, a ɗaki mai ƙarancin haske, sannan su mayar da su cikin akwati. Matan Erekteyon sun yi fiye da shekara 2,300 a rana da ruwan sama kafin a shigar da su ɗaki. Macen da ke Tate, wadda aka zana domin ta riƙe rufin haikali, mafi yawan kwanakinta a kwance take yin su cikin duhu, tsakanin kwali biyu, da tukunyarta.